Lamba Ashirin da Uku

Laraba

Yaya,

Tambaya ɗaya kafin gaisuwa: idan mutum ya yi karatu har ya kai inda kika kai, a ƙofar jami'a ake karɓe masa kunya, ko shi yake ajiye ta da kansa?

To, ga gaisuwar, kada Umma ta ce ba ni da tarbiyya. Assalamu alaikum. Ya karatu, ya Innarki da ciwon ƙafarta? Mu nan lafiya. Hawan jinin Umma ya sauka, sai dai tun shekaranjiya ba ta ci abincin kirki ba, kuma ke ce sanadi. Idan kin manta, ni ne Tartsatsi, mai naɗin koyil ɗin fanka, wanda ya ɗauko miki akwati daga tasha bara da kika zo bincike. Kakata da kakarki ciki ɗaya suka fito. Na san da nisa, amma ba a yi nisan da za ki ce ba ki san mu ba.

Ranar Litinin aka liƙa takarda a allon sanarwa na makarantar su Auta, sunayen 'yan aji shida da za su zauna jarrabawar shiga sakandare. Auta ta dawo, ta shiga ɗaki ta hau ninke kayan da an riga an ninke. Ni na je da kaina. Na bi takardar da yatsa sau uku, daga sama zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa sama. Yara arba'in ne a ajin, sunaye talatin da uku ne a allo. Babu ƙanwata.

Da na gaya wa Umma sai ta dafe ƙirji ta ce, "Ai kuwa ta faɗa." Na ce wa? Ta ce ke. Ta ce ranar da kika zo da fom kika ce za ki yi wa yara 'yan tambayoyi saboda karatunki na halayyar yara, ta dangwala miki yatsa, sai kika dafa kafaɗarta kika ce, "Umma, sunanta ba zai fito ba." A lokacin ta ɗauka lallashi ne. Yanzu ta gane sanarwa ce.

Wato tun bara kin sani. Kin shigar da yarinya ɗakin ajiyar karyayyun kujeru, kin auna ta na minti arba'in, kin yanke mata hukunci, kin hau mota.

Kin san daga wannan makarantar na fita ina aji uku, da aka ce in maimaita. Malami ya rubuta a katina, "Ba ya ɗauka." Karatun da nake rubuto miki wannan da shi, a jikin kwalin batir da tsofaffin jaridun naɗe kusa na tsince shi, harafi bayan harafi, ba malami ba bulala. Ba zan naɗe hannu a yi wa Auta abin da aka yi mini ba.

Litinin ta ƙarshen wata ake kai sunayen ofishin jarrabawa. Saura kwana ashirin da shida. Wayarki ba ta shiga, kuma ko tana shiga ba murya nake so ba, rubutu nake so, wanda zan riƙe a hannu. Direban motar safe zai ajiye wannan wurin mai gadin ɗakin kwananku.

Tartsatsi

*

Juma'a

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ke ban sani ba, tunda ba ki ga damar faɗa ba.

Kwana tara ke nan. Direba ya rantse mini da girman Allah ya ba mai gadi hannu da hannu, har ya kwatanta shi, wani mai furfura da rediyo a wuya. To ko dai a digiri na biyu ba a koyar da amsa wasiƙa, ko kuma kina can kina nazarin tawa, kina ja mata layi a inda fushi ya fito. Idan haka ne in sauƙaƙa miki aiki: ki ja layi daga farko har ƙarshe.

Auta tana zuwa makaranta, amma an mayar da su bakwai ɗin bencin baya. Idan malama ta raba takardun gwaji sai ta tsallake su, ta ce su share allo. Jiya wata yarinya ta ce mata "'yar binciken mahaukata." Ta dawo da aljihun rigarta a yage, ɗayar kuma na ji an ce ta koma gida ba ɗankwali. Ban yi mata faɗa ba.

Umma ta ce in bi ki a hankali, wai ke ɗiyar mutunci ce. Na ce ai a hankalin nake, tunda har yanzu biro ne a hannuna.

Saura kwana goma sha bakwai.

Tartsatsi

*

Litinin

Ƙanena,

Wa'alaikumus salam. Ina gaida Umma da kyau, Allah ya ƙara mata lafiya. Inna tana takawa da sanda yanzu, tana gaishe ku.

Ban yi shiru da gangan ba. An tura mu asibitin yara na wani gari koyon aiki na mako shida, kuma a can a akwati ake kulle waya tun daga ƙofa. Jiya na dawo na tarar da wasiƙunka biyu a ƙarƙashin gwangwanin shayin mai gadi. A tsaye na karanta su.

Ka saurare ni, ko sau ɗaya a rayuwarka, kafin ka kama da wuta. Abin da na ce wa Umma shi nake ce wa kowace uwa: sunan yarinya ba zai fito a rahoton bincikena ba. A rahoto, Tartsatsi, ba a allon jarrabawa ba. Alkawarin rufa asiri ne. Da na san za a ji shi haka, da na zauna na warware mata shi dalla-dalla.

Abin da nake bincike a kai shi ne yaran da ƙwaƙwalwarsu lafiya lau take amma haruffa suke ba su wuya. Su ji abu su gane nan take, a ba su a rubuce ya rikice musu. Malamai suna ce musu daƙiƙai, iyaye su ce wasa ya yi yawa, kuma duka biyun kuskure ne. Na gwada yara a makarantu uku. Dokar jami'a ta ce in bar wa kowace makaranta taƙaitaccen sakamako, don haka na ba hedimastan su Auta shafi ɗaya mai hatimi. Babu suna ko ɗaya a ciki. Lambobi ne kawai, yaro na ɗaya, yaro na biyu, har arba'in. Takardar da ta haɗa lamba da suna tana kulle a ofishin farfesana. Saboda haka ba zai yiwu a ce daga wurina aka samu sunayen nan ba. Wataƙila gwajin aji suka duba.

Sakamakon Auta ba abin da zan rubuta a wasiƙa ba ne, sai ina zaune da Umma. Amma kada ku dake ta, kada ku ce ta ƙara ƙoƙari, ƙoƙarin take yi. Kuma irin wannan abu yakan bi jini, ba laifin kowa ba ne.

Ka je ka tambayi hedimasta dalilinsa cikin ladabi. Na ce cikin ladabi. Na san sunan da Umma ta sa maka ba na banza ba ne.

Yayarka

*

Alhamis

Yaya,

Assalamu alaikum. Umma tana amsawa. Na karanta mata wasiƙarki, amma na tsallake layi ɗaya, don ba na son jininta ya sake hawa.

Yakan bi jini. Madalla. Wato jininmu ne, na ɓangaren da ake naɗa koyil da wankau. Naku ɓangaren shi ne mai fitar da masu digiri, namu mai fitar da abin bincike. Da kin faɗa tun bara ai da na jera miki mu duka a tsakar gida kin auna, kin huta da zuwa makarantu uku.

Bar wannan. Na je wurin hedimasta, kuma na yi ladabin, har hula na sa.

Yana ganina ya ce, "A'a, Malam mai fanka, tamu lafiyarta ƙalau, ga ta tana juyawa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba fanka ta kawo ni ba. Sunan ƙanwata nake nema, ya faɗi daga allo."

Ya ce bai faɗi ba, sauke shi aka yi. Ya ce bara makarantarsa ta zo kusa da ta ƙarshe a jerin sakamako, mai duba makarantu ya wanke shi tas a gaban malamansa, bana ba zai tura yaran da ya san za su faɗi ba. Su maimaita aji, ko a kai su sana'a. "Kai ba ga ka nan ba, me ka rasa?"

Na haɗiye wannan. Na ce wa ya gaya masa za su faɗi?

Sai ya jawo fayil ya zaro shafi ɗaya. Hatimin jami'arku a sama, sa hannunki a ƙasa. Layi arba'in, bakwai an shafa musu ja. Ya ce, "Ba ni na faɗa ba, ilimi ne ya faɗa."

Na ce, "Ai babu suna a nan."

Yaya, dariya ya yi. Ya miƙa hannu ya ɗauko rajistar aji shida ya buɗe ta gefen takardarki, ya juyo mini su biyun kamar mai nuna wa yaro hoto. Ya ɗora yatsa a jan layi: ashirin da uku. Ya kai yatsan kan rajista: ashirin da uku. Auta. Na bi sauran shidan da kaina, huɗu, tara, goma sha ɗaya, har na ƙarshe. Ko ɗaya bai kuskure ba. Su ne 'yan bencin baya.

Kin kulle takarda a ofishin farfesa, ga kwafinta ana kiran suna da shi kowace safiya ƙarfe takwas.

Ni ban yi jami'a ba, amma ko injin niƙa aka kawo mini ba na sa masa lambar da ke ƙofar gidan mai shi in ce na ɓoye. Ya aka yi lambobinki suka zama lambobin rajista? Kada ki ce mini "wataƙila" a wannan karon.

Auta ta ce idan aka ce ta maimaita aji ba za ta koma ba. Ta fi kowa tsawo a ajin tun yanzu. Na san wannan maganar, ni ma na taɓa yin ta, kuma na cika.

Saura kwana goma sha ɗaya.

Tartsatsi

*

Lahadi

Ƙanena,

Wa'alaikumus salam. A gaida Umma. Inna lafiya. Ni ce dai ba lafiya ba tun da na karanta taka.

Laifina ne. Na zauna na tuna ranar daki-daki. Na roƙi malamar aji ta riƙa turo mini yaran ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya shigo in ba shi lamba ta gaba. Ban tambaye ta da wane tsari take turo su ba. Har yaba mata na yi, na ce ban taɓa ganin aji mai tsari haka ba. Ashe rajista ta buɗe tana kira. An koya mana a hargitsa lambobi kafin takarda ta fita, a zangon farko aka koya mana. Na ɗauka shigowarsu ta riga ta hargitsa su.

Jan layi ba ya nufin yaro zai faɗi. Yana nufin a ƙara masa lokaci, a karanta masa tambaya da baki, a zauna da shi a kan haruffa. Na rubuta haka a bayan shafin. Ina zaton bai juya ba. Tunda abin ya kai haka zan faɗa maka: a gwajin da ake karanta labari yaro ya saurara ya amsa, cikin yara ɗari da ashirin babu wanda ya kai Auta.

Maganar jini kuma, ka ji kunya. Jinin da nake nufi na kakannin nan biyu ne, nawa da naka. Yayana da kuke cewa ya ƙi boko ya koma tuƙin babbar mota, har yau matarsa ke karanta masa saƙo. Saboda shi na zaɓi wannan fanni. Ga babi na biyu na rahotona na haɗo maka, ka karanta ka gani.

Yanzu abin da nake roƙo. Ga wasiƙa zuwa ga hedimasta a cikin ambulan, na bayyana masa komai, na roƙe shi ya mayar da sunan Auta. Ka kai masa kai kaɗai, ba hayaniya. Babu hatimi a jiki, don hatimi sai ta ofishin farfesa, shi kuma dole ya kai maganar gaban kwamitin da ke kula da ƙa'idar bincike. Idan suka ji asirin yara ya fita ta hannuna, suna iya soke bayanan makarantu ukun gaba ɗaya. Aikin shekara biyu ke nan, kuma wata mai zuwa zan kare shi. Idan ya mutu, ba ni kaɗai na yi asara ba, duk yaran da zai taimaka sun yi.

Ka bar ni in gama. Da na gama zan dawo in gyara na sauran. Don Allah, ƙanena, ka rufa mini asiri.

Yayarka

*

Laraba

Yaya,

Assalamu alaikum. Umma lafiya, tana gaida Inna. Auta ta ce in gaishe ki. Ban sa ta ba, ita ta faɗa.

Na janye maganar jini. Ba na yawan janye magana, saboda haka ki adana wannan.

Na karanta babin. Kwana biyu ya ɗauke ni, a shago, tsakanin fanka da fanka, har na ƙona wa wani tela koyil. A shafi na sha huɗu kin rubuta cewa yaran nan suna rikita b da d da ɓ da ɗ, wai kamar harafi ɗaya ne yake juya musu baya. Yaya, a bangon shagona, saman teburin aiki, akwai wani kwali da na rubuta haruffan nan huɗu manya-manya. Shekara goma sha ɗaya yana nan. Kowace wasiƙa da na aiko miki sai da na riƙa ɗaga kai ina duba shi. Masu kawo gyara suna zaton lambobin waya ne. Ban taɓa gaya wa kowa ba, na ɗauka wata tawaya ce tawa ni kaɗai. Ashe tana da suna, har da babi.

Daga nan sai raina ya ƙara ɓaci, don ke kin san wannan tun bara, kin san na Auta, kuma kika bar shi a bayan shafi.

Na kai wasiƙarki, ni kaɗai, ba hayaniya. Hedimasta ya karanta har ƙarshe, ba zan yi masa ƙarya ba. Sai ya ɗauko mai hatimin ya riƙe a dama, taki a hagu, yana ɗaga su kamar mai awo.

Ya ce, "Wannan jami'a ce ta yi magana. Wannan kuma 'yar'uwarka ce."

Na ce ya juya bayan shafin. Ya juya, fari fat. Gaba kawai sakatarensa ya ɗauki hoto, asalin kuma an neme shi an rasa.

Ya ce, "Idan na mayar da taka saboda wasiƙar dangi, gobe iyaye shida za su cika mini ofis. Kawo mini hatimi ya ƙaryata hatimi, in mayar da su duka a gabanka."

Ban jira gobe ba, ni na je wa iyayen shida. Ɗaya mai gyaran takalmi ne, ɗaya tana shara a asibiti, ɗaya makaho ne, 'yarsa ce ke karanta masa takardun makaranta, ita ta karanta masa cewa an cire ta. Mai sharar ta riga ta kai ɗanta wurin mai walda. Duka sun dangwala miki yatsa. Duka kin ce musu abin da kika ce wa Umma. Kin ce da kin gama za ki dawo ki gyara nasu. Ranar Litinin ake kai sunaye, ke kuma sai wata mai zuwa. Me za ki tarar ki gyara?

Umma ta ce in bar ki, wai ba a tona wa ɗan'uwa asiri. Na ce mata asirin yara bakwai yana liƙe a allo mako uku, kowa ya wuce ya karanta. Ta ce to kada in zage ki. Ban zage ki ba, ki duba.

Na san abin da nake nema ki saka a wuta. Shekara biyu ba wasa ba ce, kuma aikin yana da kyau, ni shaida ne. Yana iya yiwuwa kwamitinku su yi miki sassauci idan ke kika kai kanki, yana iya yiwuwa su ƙi. Ban sani ba, ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Abin da na sani shi ne jiya da la'asar na samo tambayoyin jarrabawar bara na karanta wa Auta da baki a ƙofar shago. Ashirin na karanta, ta ci goma sha takwas. Biyun da ta faɗi, ɗaya ni na karanta ba daidai ba.

Mun sa an kira taron iyaye ranar Asabar, ƙarfe goma na safe, a cikin aji shida. Hedimasta ya yarda zai zauna, malamar aji ma. Gobe Alhamis ki shiga ofishin farfesanki ki faɗa masa da kanki, ki karɓo takarda mai hatimi. Idan ya ga dama ya biyo ki, akwai benci.

Ba zan karanta musu wasiƙunki ba. Naki ne, kuma na gaji da karanta wa mutane abin da masu ilimi suka rubuta suka tafi. Tambaya biyu iyayen nan za su yi: jan layin nan cewa ya yi a cire yaro ko a taimake shi, kuma ta hannun wa lamba ta zama suna. Ki zo ki tsaya a gaban allo ki amsa musu da bakinki, kowa yana ji, yaran bakwai suna zaune a bencin gaba.

Ƙanenki,
Tartsatsi